Harsashin Sauti

Jiya bayan la'asar aka yi ruwa a Alƙahira. Ba ruwan kirki ba, yayyafi ne irin na watan Ɗuba, watan da Misirawa ke cewa sanyinsa har ƙashi yake shiga. Ina dawowa daga darasi, na tsaya a ƙofar beninmu a Hayyus Sabi' ina kakkaɓe lema, sai wani yaro a layin baya ya fasa abin wasan nan mai ƙara da suke kira bumb. Tattabarun kan rufi suka tashi gaba ɗaya. Na ɗaga kai ina kallonsu, sai na ji warin albarushi ya cika mini hanci, alhali babu komai a iska sai danshin ƙasa da hayaƙin mai gasa dankali. Na hau matakala a hankali. Gidanmu a hawa na uku yake, amma na tsaya a ƙofa na leƙa sama, wajen kwanar hawa na huɗu, kamar yadda nake yi tun sanyin shekarar 2011.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Mu uku ne a gida: ni, da Abba da ke karatu a jami'a a unguwar Darrasa, da Umma mai tsohon ciki. Mun baro Najeriya ne bayan wani rikici da aka yi a garinmu, ina ƙarama sosai. A rikicin aka kashe yayan Umma, Kawu Sani. Ya zo ya fitar da mu daga unguwa, ya tsaya a ƙofar gida yana ƙwala mata kira, ita kuma tana ɗaki tana neman takalmina. "Ladi, fito," yake ta cewa, har harbin da ya same shi ya katse kiran. Shi kaɗai ne yake kiranta Ladi a duniya. Abba Maman Hafsa yake ce mata, maƙwabtanmu Misirawa kuma Ummu Hafsa. Ni ma ban san da sunan ba sai a wannan sanyin.

Abin ya fara ne wata Juma'a, ranar da zanga-zangar adawa da gwamnati ta cika tituna. Wayoyi suka mutu a hannun mutane, sannan 'yan sanda suka ɓace daga titi kamar an share su da tsintsiya. Kwana biyu iska tana kawo warin taya da fenti da suka ƙone. Aka sa dokar hana fita, kuma ba da dare take farawa ba, tun la'asar take kamawa, rana tana sama. Makarantu suka rufe. Mazan layinmu suka tare bakin titi da tsofaffin tayoyi da kujeru, kowa da abin da ya samu: sandar tsintsiya, ƙarfen labule, wuƙar kicin. Abba ya fita da muciyar Umma, wadda ta zo da ita tun daga gida, Misirawa suka yi ta juya ta suna tambayar wane irin makami ne.

Ranakun suka zama iri ɗaya. Da an idar da asuba ni da Abba mu tafi layin gurasa, shi a na maza, ni a na mata a madadin Umma. Sanyi yana cizon yatsun ƙafa ta cikin safa, numfashin mutane yana fita kamar hayaƙi. Wani lokaci mu dawo da gurasa mai zafi, in rungume ta a ƙirji ta ɗumama ni har gida. Wani lokaci a sauke ƙofar gidan gurasar muna tsaye, mata su watse. Mai tallar tukunyar gas, wanda kullum yake tada mu da bugun ƙarfe, ya daina zuwa. Tamu ta yi sauƙi har ni ma ina iya ɗaga ta. Umma ta koma dafa abinci sau ɗaya, miyar ƙananan waken nan da suke kira adas, mai ruwa-ruwa, ta gutsura daddawa kamar ƙwayar gero ta jefa don a ji ƙanshin gida. Da hantsi mu cika duk abin da zai riƙe ruwa, har kwalaben lemo da butar alwala, don ana cewa za a ɗauke famfo. Matan bene suna aika wa juna abin da ya rage: rabin albasa, kofin shinkafa, ashana. Ni ce 'yar aike, don ba na tsayawa surutu.

Abin da ya fi yunwa damuna shi ne shirun. Wanda ya san Alƙahira ya san ba ta yin shiru ko a tsakar dare. Amma a kwanakin nan, da dokar ta kama, sai garin ya ɗauke wuta. Rana tana haska titi, ba mota, ba mutum. Kana iya jin fiffiken tattabara, da kukan mage daga layi na uku, da ƙarar sarƙar tankar soja tana juyawa can a babban titi. Wanki yana lilo a barandar mutane kamar masu gidan sun yi ƙaura sun manta shi.

A cikin wannan shirun Ammu Fauzi yake harbi.

Tsoho ne da ke zaune shi kaɗai a hawa na biyar, ƙarƙashin rufi. Ya yi shekaru yana gadin wani shagon zinariya, kuma yana da ƙaramar bindiga mai lasisi, irin wadda cikinta ke juyawa. Saƙiya yake kiranta, da sunan keken ɗebo ruwa na ƙauyensu. Yanar ido ta rufe masa gani, har farin ya kusa cinye baƙin. Kullum dokar na kamawa sai ya hau rufi ya harba sama sau ɗaya, don ɓarayi su san benin nan akwai wuta a ciki. Mazan layi suna son haka. Sun ce an fasa shaguna a layin da ba a harbi, namu kuwa ba wanda ya leƙo. Ana kuma ta raɗe-raɗin fursunoni sun ɓalle daga gidajen yari, suna shiga gidajen mutane sanye da fararen kayan kaso.

Ƙarar ba irin ta bindigar da muke ji daga nesa ba ce. Tana saukowa ta ramin matakala kamar an jefo ƙaton faranti, gilashin taga ya amsa, cokula su motsa a cikin kofi. Rana ta farko Umma ta saki ludayi kawai. Rana ta biyu na gan ta ta karkata kai wajen ƙofa, kamar mai sauraren sallama. Rana ta uku ta ce, a hankali, da wata murya ta yarinya da ban taɓa ji ba: "Na'am, Yaya."

Na duba ƙofa. A kulle take.

Daga nan kullum haka. Harbin na tashi sai fuskarta ta sake, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ciki, ta nufi ƙofa tana cewa ga ta nan, takalmin yarinya take nema. In na riƙe mata hannu sai ta dube ni kamar ba ta san ni ba, sannan a hankali ta dawo, ta zauna a ƙasa tana rawar sanyi, cikin ya ɗaure tamau. Ta hana ni gaya wa Abba, wanda a lokacin yana bakin titi da sauran maza. Na yi shiru har ranar da ta kai ga zare sakata. A daren na gaya masa, ina kallon ƙafafuna. Daga nan ne na ji labarin Kawu Sani da sunan Ladi.

Washegari da hantsi Abba ya ɗauke ni muka hau wurin Ammu Fauzi. Ni ce tafintarsa. Abba ya iya Larabci fiye da kowa a benin, amma Larabcin littafi ne, na huɗuba. In ya yi magana a kasuwa masu kaya sukan miƙe tsaye don tsokana. Ni kuwa na tashi da yaran makaranta, harshen titi ne a bakina, in na yarda na buɗe shi. Ammu Fauzi Sakta yake kirana, wato mai shiru.

Mun same shi a rufi yana shan rana, da bargo a kafaɗa. Abba ya yi dogon bayani mai tsari, ya roƙe shi ya daina harbin. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Sadaƙallahul azim, ya Maulana," sannan ya juyo wajena ya ce in faɗa masa abin da babana yake nufi. Na faɗa a taƙaice. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ya tausaya wa Ummu Hafsa, amma in ya daina yau, gobe mazan layi za su hau su karɓi bindigar su ba wani saurayi mai zafin kai, kuma wannan ya fi muni. Sai dai akwai wata hanya.

Ya shimfiɗa hankici a gwiwa, ya buɗe saƙiyar, ya zazzage abin da ke ciki. Harsasai ne dogaye masu ƙyalli. Ya miƙo mini ɗaya ya ce in karanta masa lambar da ke gindinsa, don shi ya daina ganinta. Na karanta: uku, biyar, bakwai. Ya ce to wannan shi ne babban wa, shi ke tsawa. Amma yana da ƙane, mai lamba talatin da takwas, kaurinsu ɗaya, sai dai ƙanen ya fi gajarta, ƙarfinsa kaɗan, ƙararsa ma haka. Bindigarsa tana cin abincin ƙanen lafiya lau, amma bindigar ƙanen ba ta iya cin nata. Ya ce ba shiru za a samu ba, kada Maulana ya sa rai, amma bambancin kamar na tari ne da aradu. Daga rufi zuwa hawa na uku, in an rufe taga, wataƙila ya wuce kamar an buga ƙofar mota.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi yadda talatin da takwas zai zama kauri ɗaya da ɗari uku da wani abu. Ya ce waɗanda suka raɗa musu suna maƙaryata ne kamar masu sayar da kankana.

Abba mutum ne da ko kaza ba ya son yankawa. Baƙo ne kuma, a kwanakin da ake kallon kowane baƙo da ido biyu. Duk da haka ya sa rigar sanyi ya tafi Darrasa da ƙafa, wurin Malam Tijjani, wani tela Bahaushen Sudan da ya san kowa. Ya dawo dab da dokar, fuskarsa ta yi fari fat da ƙura, da ɗan ƙullin harsasai a cikin safa. Malam Tijjani ya samo su a tsohon akwatin marigayi mai gidan da yake haya. Sun yi baƙi-baƙi don tsufa, kuma a gindinsu ga talatin da takwas ɓaro-ɓaro, ni na karanta.

Ammu Fauzi ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa, ya saka a ramin saƙiya. Ya shiga rabi ya tsaya. Ya gwada wani, haka. Ya girgiza kai ya ce waɗannan na tsohuwar bindigar 'yan sandan zamanin Turawa ne, gajeru masu ƙiba. Sunansu ɗaya da wanda yake nema, amma ubansu daban. Abba ya tambaya ko in an ɗan matsa zai shiga. Tsohon ya ce in an matsa zai shiga, kuma shi Fauzi yana son yatsunsa. A ranar ma aka yi aradun. Na riƙe Umma a bakin ƙofa da hannu biyu, na ji ɗan da ke cikinta yana harbin kumatuna.

Bayan kwana biyu Abba ya ji labarin wani shagon kayan farauta da ke buɗe rabin ƙofa da safe. Na so in bi shi, ya ce hanyar ba ta yara ba ce. Da na bi shi da labarin ya zama wani daban. Ya tsaya gaban mai shagon ya tsara jimlarsa yadda ya saba, ya ce yana neman harsashi talatin da takwas mai sassauƙan sauti. Mutumin yana sauri, yana leƙen titi. A duk jimlar kalma ɗaya ya kama. "Saut?" ya ce, ya miƙo ɗan kwali, ya ja ƙofa.

Ni na fara lura da su lokacin da Abba ya zuba a hankicin tsohon. Ba su da kai. Bakinsu a tsuke yake, an nannaɗe shi kamar bakin ƙullin leda, in ka duba daga sama kamar tauraro. Ammu Fauzi ya shafa bakin ɗaya da babban yatsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya Maulana, me ka ce masa?"

Abba ya maimaita jimlar.

"Ka je neman harsashi marar sauti, ka dawo da sauti marar harsashi. Wannan fishink ne. Na biki ne."

A bakin Misirawa, in ka ce harsashin sauti, kana nufin wanda ba komai a cikinsa sai albarushi, ya yi ƙara ya tsorata mutane, ba ya fitar da dalma. Abba ya san kalmar sauti a nahawu da tajwidi da balaga, bai san ta a shagon farauta ba. Na ga kunnuwansa sun yi duhu don kunya. Tsohon ya share hawaye ya ce ma'alish, wato ba komai, ba a yi asara ba, ai suna shiga saƙiyar, ya gwada ya nuna mana. Nasa na gaske sun kusa ƙarewa, saura ɗaya tak, yana so ya ajiye shi don ranar da za a buƙace shi da gaske. Ya mayar da na gasken a raminsa, ya cike sauran ramukan da fishink, ya rufe. Na ga ya juya saƙiyar da tafin hannu, tana ƙas-ƙas, yana lalube da yatsa yana ƙirga inda ya bar shi. Ƙarar kuwa ba ta ragu ba ko kaɗan. Sai ma ta ƙara kaifi.

Ranar da abin ya faru, gari ya wayi da hadari mai launin toka, ƙasa-ƙasa, kamar murfin tukunya. Ba mu samu gurasa ba. Gas ya ƙare a tsakiyar dahuwa, muka ci shinkafa mai tsakuwa a ciki. Bayan azahar aka ɗauke wuta, yayyafi ya fara. Tun safe ake cewa an ga fursunoni a unguwar da ke bayanmu, mazan layi duk sun tattaru a bakin titi. Matakalar beninmu ba ta da taga, in ba wuta ko da rana sai ka lalubi bango.

Umma ta yi alwala da ruwan sanyi, ta sa dogon farin hijabinta na salla, wanda ke sauka har ƙasa. Ta tada la'asar. Ni kuma ina kicin ina ƙoƙarin kunna kyandir da ashanar da ta sha danshi. Na saba tsayawa kusa da ita in lokacin ya gabato, amma hadarin ya ɓata mini lissafi, na ɗauka da saura.

Harbin ya sauko. Na ji sakata.

Kafin in fito ta riga ta fita, ƙofa a buɗe. Na ɗauka ƙasa za ta yi, wajen titi, na leƙa ban ga kowa ba. Sai na ji jan hijabi a kan siminti, a sama. Hawa take yi, a hankali, ba ta riƙe ƙarfe ba, kamar mai tafiya a fili. A cikin duhun farin kawai ake gani, dogo, ba fuska, ba ƙafa. Ni da na san Ummata ce sai da tsikar jikina ta tashi. Na bi ta a baya. Daga can sama na ji ƙofar rufi ta rufe, da takun silifas ɗin Ammu Fauzi yana saukowa, wai zai je ya ji labarin fursunonin a wurin maza.

Suka haɗu a kwanar hawa na huɗu. Shi a sama, ita a ƙasa, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Takunsa ya tsaya.

"Min?" ya ce. Wane ne?

Umma ba ta tsaya ba.

"Min hinak?" Wane ne a nan? Muryarsa ta fashe.

"Na'am, Yaya," in ji Umma. "Ga ni nan, na fito."

Na buɗe baki in ce Ummu Hafsa ce, ya Ammu. Kalmomin suna nan a shirye, da harshen da yake ji. Amma suka ƙi fitowa, kamar yadda suke yi in malama ta kira ni gaban allo. Sai wuta ta haska matakalar, na ga komai a lokaci ɗaya: fararen idanunsa, bakin bindiga, hijabin Umma ya bugu baya kamar labule. Ƙarar ta shiga kaina ta zauna. Duhu ya dawo, da hayaƙi mai ɗaci a harshe.

Ban ji komai ba bayan nan, sai wani siririn kuka a kunne kamar na sauro. Na ga farin yana nan tsaye. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya, a hankali, ya fara saukowa wajena. Umma ta kama hannuna, tafinta da ɗumi, ta wuce da ni gida kamar ta ɗauko ni daga makaranta.

Maza suka hauro da fitilu. Abba ya duba ta tun daga kai har ƙafa. Ba jini. Gaban hijabin ne kawai ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, ƙanana kamar an watsa barkono. Umma ta ce ƙishirwa take ji, ta sha ruwa, ta sake tada sallar da ta katse.

An sami Ammu Fauzi zaune a matakala, bindigar a gefensa. Bai yarda kowa ya taɓa ta ba sai Abba. Washegari da rana ya aiko a kira mu. Ya sa Abba ya buɗe saƙiyar ya ce in duba. Ramin da ya tashi jiya kwanson fishink ne a ciki, bakinsa ya buɗe kamar fure. Ramin da ke biye, wanda zai zo in an sake jan kunamar bindigar, shi ne mai dogon harsashin nan, uku, biyar, bakwai. Tsohon ya ce ya rantse ya ɗauka ya bar shi can baya. Ya ce da ya ga abin bai faɗi ba, ya sake ɗagawa, yatsansa ya riga ya fara ja.

Abba ya tambaye shi, a hankali, da Larabcin da a wannan karon ba wanda ya yi wa dariya, me ya hana shi.

Ammu Fauzi ya juya fararen idanunsa wajena. Ya ce yana so ya tambaye ni wani abu, tunda ni ce tafinta. Wane ne mutumin da ke tare da mu a matakala? Na ce ba kowa, daga ni sai Umma. Ya ce a'a, namiji ne, kuma ba a bayanmu yake ba, a gefensa yake, dab da kunnensa, har ya waiwaya ya duba, shi ya sa ya sauke hannu. Ya ce mutumin bai yi ihu ba. Kalma biyu ya faɗa, da harshen da ba Larabci ba, kamar mai lallashin yaro. Ya kwana yana maimaita su don kada ya manta.

Ya gyara baki, ya faɗe su da nauyin harshen Misirawa, amma ba yadda za a yi a kasa ganewa.

"Ladi, koma." Ya ɗan jira. "Me ake nufi, ya Sakta?"

Na dubi Abba. Abba yana kallon ƙasa, leɓɓansa na motsi. Tattabaru suna ta kai-kawo a bakin rufi, ruwan jiya ya taru a wani tsohon baho yana ɗaukar hoton sama. Na gaya wa tsohon ma'anar kalma ta biyu. Ta farkon na ce suna ne. Bai tambayi na wa ba.

Daga ranar bai sake harbi ba, mazan layi ma ba su nema ba. Ya ba Abba dogon harsashin a naɗe cikin hankici, Abba ya jefa shi a Nilu ranar farko da aka buɗe gada. A hankali dokar ta ja baya zuwa dare, motoci suka dawo da hayaniyarsu, wata safiya muka ji bugun ƙarfen mai gas, matan bene suka yi guɗa ta taga. Umma ta haihu kafin sanyin ya wuce, namiji. Aka sa masa Sani. Ba ta iya kiran sunan, Yaya ƙarami take ce masa. Ammu Fauzi ne ya fara tauna masa dabino. Bara tsohon ya rasu, a irin wannan watan, aka sayar da gidansa ga wasu ɗalibai 'yan Malesiya da ba su san komai game da hawa na huɗu ba.

Yanzu gurasa tana nan a kowane lungu, har mukan bar ta ta bushe a ba mai tattabaru. An sa fitila mai batir a matakala. Abba ya koyi cewa abubuwa a gajarce in ya shiga shago, amma har yau in ya ji kalmar saut yakan yi shiru. Ba mu taɓa gaya wa Umma abin da tsohon ya ji ba, ita ma ba ta taɓa gaya mana abin da ya sa ta juyo ba.

Jiya da na shiga gida na tarar da ita a kan sallaya, cikin hijabin nan. Ta ƙi yar da shi, ɗigon ƙunar yana nan a ƙirji, wanki ya mayar da shi ruwan ƙasa. Ta ji bumb ɗin yaron, na san ta ji, don na same ta ta karkata kai wajen ƙofa, carbi ya tsaya a hannunta. Yaya ƙarami yana kwance a cinyarta yana barci. Ruwa yana ɗiga daga baranda. Na tsaya da jakata a kafaɗa ban motsa ba.

Ta saurara, ta ƙara saurarawa. Sannan ta gyara wa yaron bargo.

"Ba kowa," ta ce.

Na duba fuskarta sosai, kamar yadda na saba duba abubuwa, amma ban iya gane ko sauƙi ta ji ko kewa ba.